Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa: Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da ma'aikatanku, ina roƙon in hali ya yi a miƙa wannan takarda ga shugabannin hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jiha, domin rabin maganar tasu ce. Magana ce a kan sankarar babban hanji, wato dajin hanji, da yadda za a gano ta da wuri a jikin masu ɗauke da HIV.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Haɗejiya. Tun 2008 nake shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, kuma a garinmu ban da mai ɗakina da yayana babu wanda ya sani. Shi ya sa ba za ku ga sunana a ƙasan takardar nan ba, ku yi mini uzuri. Ranar da aka ba ni sakamakon gwaji ban zaci zan ga ɗan farina ya gama aji shida ba. Bara na aurar da ƙanwarsa. Yau shekarata 54, furfura ta cinye gemu, in na tashi daga tabarma sai gwiwa ta yi ƙara. Alhamdulillahi. Mu ne sahun farko da maganin nan ya riƙe har muka manyanta, tun da gwamnatin tarayya ta mayar da shi kyauta a 2006. Sai dai tsufa ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ɗakin da muke karɓar magani an tsara shi ne a zamanin da ba a sa ran irinmu za su yi furfura.

Akwai wani bawan Allah da muka yi shekara goma sha biyu muna haɗuwa a benci ɗaya ranar karɓar magani. Manomi ne, damina shinkafa, rani alkama, ƙafarsa kullum cikin ruwan fadama. Na girme shi da shekara biyu. A iya sanina bai taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba. Da ya fita ƙofar asibiti zai ɓare takardar jikin robar, ya juye maganin cikin wani tsohon gwangwanin man shafawa, ya cusa a aljihun gaba. Sallar isha'i ce agogonsa. Duk awon da aka yi masa sai a ce ƙwayar cutar ta kwanta, ba a ma ganinta a jini. Ma'aikata har misali suke yi da shi in sun samu mai wasa da magani.

Sai ya fara ramewa. Abin ya fi fitowa fili ne saboda tun da aka koma wannan ƙwaya ɗaya da ake kira TLD, yawancinmu ƙiba muke yi, har ana yi mana tsiya wai mun samu duniya. Shi kuwa sikeli ya nuna kilo 68, zuwa na gaba 63, na gaba 57. An tambaye shi ko ya fara wasa da magani, ya rantse. An tambaye shi tari, zazzaɓi, gumin dare. An karɓi majinarsa an auna ko tarin fuka ne, ba a samu komai ba. Aka ce ya ƙara cin abinci, aka ba shi na wata shida, ya tafi.

Ban ga laifin yarinyar da ke kan teburi ba. Abin da ke cikin fom ta tambaya, kuma fom ɗin ba shi da gurbin bayan gida. Shi kuma ba zai dubi sa'ar 'yarsa, ga mutane a bayansa suna jiran layi, ya ce mata wata takwas ke nan yana ganin jini in ya zaga ba.

Ni ya gaya wa, a teburin mai shayi a tasha, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Malam, basir ne ya sa ni gaba." Ya ce yakan ji kamar zai yi, in ya tsuguna sai ɗan siriri da majina da jini, ya tashi yana jin bai gama ba. Ya sha saiwar masu mota da lasifika na ranar kasuwa, waɗanda ke lissafa basir mai tsiro da mai jini da mai kumburin ciki, duk kwalba ɗaya. Ya sha Flagyl daga kemis don an ce atini ne. Ya sha maganin tsargiya don an ce ruwan fadama ne. Wata tsohuwa ta ce ɗankanoma ne, ta ba shi na zama a ciki. Ni fa me na ce? Na ce ya rage yaji da zaman babur. Malamin makaranta guda, mai karanta wa mutane takardar asibiti. Har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Ana tsakar yankan shinkafa cikinsa ya ɗaure. Kwana huɗu ba bayan gida, ko iska ba ta fita, ciki ya kumbura kamar ganga, sai amai. Daga asibitin da ke kusa aka tura su Kano cikin dare. Da aka buɗe shi aka tarar da ƙari ya toshe hanji, ya riga ya haura hanta. Likitoci sun yi iya yinsu, suka fitar masa da hanya ta gefen ciki, aka manna leda. Da na je duba shi bai tambaye ni ko zai tashi ba. Cewa ya yi in tambayo masa malamai yaya alwalarsa take, tun da abu yana fita ba da saninsa ba. Limaminmu ya ce hukuncinsa irin na mai lalurar yoyon fitsari ne, ya yi sallarsa. Na ga hankalinsa ya kwanta a kan wannan fiye da duk abin da likita ya faɗa. An kai shanun hudarsa biyu kasuwar Maigatari wata Alhamis. Bayan wata biyar muka kai shi makwancinsa, yana da shekara 51. Awonsa na ƙarshe ma cewa ya yi ƙwayar cutar a kwance take. Allah Ya jiƙansa.

Bayan rasuwarsa na shiga bibiya, na tambayi masu sani, na karanta abin da wayata ta iya buɗewa. Zan faɗa muku abin da na samu ba ƙari, domin wanda ya zo roƙo da ƙarin gishiri shi ke ɓata roƙonsa. Binciken da aka yi ta yi, musamman a Amurka da Turai, bai nuna mai ɗauke da HIV ya fi sauran mutane kamuwa da sankarar babban hanji ba. Kusan kunnen doki ne, wasu binciken ma ƙasa kaɗan suka samu. Ba kamar sankarar bakin mahaifa ba, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai ɗauke da cutar ta ninka wadda ba ta da ita sau shida wajen haɗarin kamuwa. Ba kuma kamar sankarar fata ta Kaposi ba, da muka riƙa gani a ƙafafun mutane kafin magani ya wadata. Inda aka bar mu a baya shi ne wajen ganowa da magani: an sha samun cewa masu ɗauke da cutar ba a cika yi musu gwajin hanji ba, in an gano sankara ba a cika ba su cikakken magani kamar kowa ba, kuma sun fi mutuwa da ita. Dalili ɗaya na gan shi da idona. Duk abin da ya samu mai HIV, HIV ake ɗora wa. Rama, gudawa, ƙarancin jini, kasala, kowanne akwai amsarsa a shirye, kuma waɗannan su ne ainihin alamun dajin hanji.

Sai kuma sankarar bakin dubura, wadda dabam take da ta hanji ko da yake maƙwabta ne. Ita kam haɗarinta ya ninka sau da yawa ga masu ɗauke da HIV, maza da mata, saboda ƙwayar HPV, wadda dai ita ce ke kawo ta bakin mahaifa. Wannan ƙwayar ce aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a watan Oktoban 2023, har da nan Jigawa a zangon farko. Alamar sankarar duburar kuwa jini, ƙaiƙayi, ɗan kumburi a bakin dubura. Wato dai a bakin mutanenmu, basir. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2022 ya nuna in an gano canjin fatar wurin da wuri aka magance shi a jikin masu HIV, haɗarin ya zama sankara yana raguwa da fiye da rabi.

Ranka ya daɗe, kun fi ni sanin cewa dajin hanji ba baƙon ciwo ba ne. A duniya shi ne na uku a yawa cikin sankarori, na biyu a kisa: a 2020 sama da mutum miliyan 1.9 suka kamu, sama da 900,000 suka mutu. A ƙiyasin 2020 ɗin, a Najeriya shi ne na huɗu, bayan na nono da na mafitsarar maza da na bakin mahaifa, da mutum sama da 7,000. Shi ya ɗauke Pele a ƙarshen 2022, mutumin da ba kuɗi ko likita ya rasa ba. Amma shi ya kai 82. Namu na nan gida likitoci sun daɗe suna lura cewa da yawa 'yan arba'in da wani abu ne zuwa hamsin da wani abu, kuma mafi yawansu sai ciwo ya yi nisa suke isa asibiti.

Abin takaicin shi ne ciwon yana ba da lokaci. Yawanci daga ɗan tsiro yake farawa a bangon hanji, kamar ƙwayar wake, ba zafi ba komai. Yakan ɗauki wajen shekara goma kafin ya rikiɗe, wani ma har abada ba zai rikiɗe ba. In an leƙa hanji da na'ura mai kyamara aka gan shi, a nan take ake tsinke shi, magana ta ƙare. Ko ya riga ya zama sankara, in bai fita daga hanji ba, alƙaluman Amurka sun nuna wajen tara cikin goma suna wuce shekara biyar a raye. In ya kai hanta ko huhu, ba su kai biyu cikin goma ba. Manomi zai gane wannan da sauri: ƙuduji ne. Ranar da ka ga furensa a gonar gero, ya daɗe yana tsotson saiwa a ƙarƙashin ƙasa.

To ga dalilin da ya sa na rubuto muku ku, ban tsaya yin nasiha a majalisa ba. A duk ƙauyukanmu, wane magidanci ne ɗan shekara hamsin yake zuwa asibiti da ƙafarsa alhali lafiyarsa ƙalau? Mace ma sai awon ciki, in haihuwa ta tsaya ta daina. Mu kaɗai ne. Duk wata uku ko shida muna nan, da kati, da fayil, da lambar waya, da nauyinmu a rubuce na shekara da shekaru. In mutum bai zo ba akwai mai bin sa har gida. Ba mu da yawa kuma. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta samu masu ɗauke da HIV kashi 1.4 cikin ɗari na manya a ƙasa baki ɗaya, Jigawa kuwa tana cikin mafi ƙaranci, wajen kashi 0.3. Cikin waɗannan ma, waɗanda suka haura 45 wani yanki ne. In akwai inda jiha za ta fara koyon gano dajin hanji da wuri ba tare da ta gina ko ɗaki ɗaya ba, to a bencinmu ne. In ya yi kyau a kanmu sai a faɗaɗa wa kowa, don ciwon bai san mai kati da marar kati ba.

Ba cewa nake a yi wa kowa leƙen hanji ba. Na san na'urar da masu iya ta ba su da yawa, mutanenmu sai an dangana da manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano, ga kuɗin mota, ga kwana, ga maganin wanke ciki da ake sha kafin a yi. A Amurka tun 2021 suka sauko da shekarun fara gwaji daga 50 zuwa 45, ana leƙen duk shekara goma ko gwajin bayan gida duk shekara. A Ingila ta gidan waya ake aika wa mutum ɗan kwalbar gwajin duk shekara biyu. Mu ba nan muke ba. Shi kansa gwajin bayan gidan, wanda ake kira FIT, mai gano jinin da ido ba ya gani, akwai abin lura a kansa. Likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife da abokan aikinsu sun gwada shi a kan mutum sama da 2,000 a jihohin Osun da Kwara da Legas, suka fitar da sakamako a 2022. Mutane sun karɓe shi hannu bibbiyu, amma kusan ɗaya cikin biyar gwajinsa ya nuna jini, kuma cikin waɗanda aka leƙa, wajen ɗaya cikin ɗari ne aka samu da sankara. To ina ga ƙasar Haɗejiya da Auyo da Kirikasamma, inda tsargiya da tsutsar ciki da atini suke gida? In aka raba kwalaben nan barkatai ba tare da an shirya inda za a tura mutane ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago: tsoro ya cika gari, layi ya cika Kano.

Abin da nake roƙo ya fi wannan araha. A ƙara tambaya a fom ɗin nan, kusa da ta tari da gumin dare, ga duk wanda ya kai 45, da ma wanda bai kai ba in yana ramewa: kana ganin jini in ka zaga? Bayan gidanka ya canza fiye da wata guda? Kana tashi kana jin ba ka gama ba? A cikin iyaye ko 'yan uwanka na jini akwai wanda ciwon hanji ya kama? Amma don Allah a yi ta a inda ba kunnen kowa, namiji ya tambayi namiji, mace ta tambayi mace. Labule ɗaya ya isa. Mu 'yan ƙungiyar tallafa wa juna a shirye muke a koya mana, don abin da dattijo ba zai gaya wa nas ba, zai gaya wa abokin bencinsa, kamar yadda aka gaya mini ni ban san abin yi ba.

Wanda ya amsa da e, kada a sallame shi da kalmar basir sai an duba. Kaso mai yawa na wannan ciwo a Najeriya can ƙasa yake zama kusa da dubura, inda yatsan likita cikin safar hannu zai iya taɓa shi. Safar hannu da minti biyu. A haɗa da awon yawan jini, tun da dama ana ɗibar jininmu. Kuma a kafa ƙa'ida a rubuce: mutumin da ƙwayar cutarsa ta kwanta, ba shi da tarin fuka, amma sikeli yana ta sauka, ba a ba shi maganin wata shida a ce sai ya dawo. Likita zai gani a wannan makon. An riga an fara irin wannan haɗin da gwajin bakin mahaifa, wanda ake so mace mai HIV ta fara tun tana 25, da awon hawan jini. Hanyar a buɗe take.

Inda aikin ya fi ƙarfin nas kuma ya zama naku shi ne bayan an samu wanda ake zargi. Takardar turawa kaɗai ba ta kai mutum ko'ina, a aljihu take tsufa. Muna da babban asibiti a Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Ringim, ga Rasheed Shekoni a Dutse, ga na tarayya a Birnin Kudu. A zauna a fitar da hanya ɗaya sananniya: daga wannan ɗakin magani, wa za a kira, wace rana ake leƙen hanji, nawa ne, wa zai biya. In da hali jiha ta tsayar da wuri ko da ɗaya ne a cikinta da za a riƙa yin leƙen a kai a kai, da ma'aikacin da aka horar da kayan gyara, kada na'ura ta zama abin nuna wa baƙi. Hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA, ta duba ko leƙen hanji ga wanda likita ya tura zai shiga cikin abin da take biya wa marasa ƙarfi. Asusun tallafin masu sankara na tarayya da nono da bakin mahaifa da mafitsarar maza ya fara. Ku ne masu zama da su a Abuja, da cibiyar bincike da maganin sankara ta ƙasa, NICRAT, ku tuna musu da na huɗun, wato na hanji.

Akwai kuma wani abu da na gani a gadon abokina. Kwana biyar ya yi a Kano bai sha maganinsa ba, don gwangwanin yana gida, kuma ƙaninsa da ke jinyarsa bai san da zancen ba. Sai da aka yi masa gwaji kafin tiyata likitoci suka sani. Alhali ana so mai sankara ya ci gaba da shan maganin HIV ba yankewa, kuma dole likitan sankara ya san wanne yake sha, don wasu daga cikin na layi na biyu, waɗanda ake komawa kansu in na farko ya daina aiki, ba sa jituwa da wasu alluran sankara. Dokar hana tsangwamar masu ɗauke da cutar tana nan tun 2014, amma doka ba ta shiga ɗakin jinya inda dangi suka kewaye gado. A samar da yadda ɗakin magani zai sanar da likitan can kai tsaye, da yardar mai ciwon, ba sai ta bakin ɗan rakiya ba.

Na san za a ce ba kuɗi, musamman tun watan Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, muka kwana muna ƙirga ƙwayoyin da suka rage a roba. Na yarda. Amma shekara goma sha biyu ana saya wa mutum magani, ana auna jininsa, ana biyan mai bin sa, sannan a rasa shi saboda tambayar da ba ta cin ko sisi, wannan ma asara ce ta kuɗi, in ma lissafin kuɗin ake so.

Masu lasifikar kasuwa kuwa, ba na ce a kore su ba, wasu abincinsu ke nan tun kakanni. Amma a gidajen rediyonmu, inda ake tallar maganin basir safe da yamma, a samu mai cewa da Hausar da kowa zai ji: jinin da ya wuce mako biyu zuwa uku, ko ya zo da rama, a je a duba. A faɗi na abinci ma, cewa tuwon dawa da gero da wake da zogale da rama sun fi wa hanji alheri a kan fulawa da lemon kwalba, kuma taba da giya da ƙiba suna ƙara haɗari. In sarakunanmu biyar da limaman Juma'a suka furta kalmar bayan gida sau ɗaya a bainar jama'a, kunyar ta ragu da rabi.

Makon jiya ƙanin marigayin, wanda ya yi jinyarsa, ya same ni a makaranta lokacin tara. Shekararsa 47, ba ya ɗauke da HIV, ba shi da kati a ko'ina. Wani likita a Kano ya gaya masa tun da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ya yi wannan ciwo, shi ma ya kamata a leƙa nasa, don irinsu tun daga shekara 40 ake so su fara. Ya riƙe maganar shekara guda bai gaya wa kowa ba. Yanzu ya sayar da riɗinsa, kuɗi na hannu, ya ce in faɗa masa wane asibiti zai je, wace rana, wa zai nema in ya isa. Na ce ya ba ni kwana biyu in tambayo manya.

Allah Ya ƙara wa Kwamishina lafiya.

Naku,
Wani malamin firamare daga ƙasar Haɗejiya.